Na tarar da katin allurar tazarar haihuwa a jakar matata

Baban Uku ya rubuta:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina jujjuya wannan magana a raina kafin na yanke shawarar rubuta ta, domin ba irin wadda mutum zai kai wa abokan hira ba ce, kuma ba na son ta kai kunnen iyayena ko nata alhali ni kaina ban san inda na dosa ba. Shekararmu bakwai da aure, Allah ya ba mu 'ya'ya uku, kuma tsakanin na farin da na ukun bai cika shekara huɗu ba. Haihuwar ƙarshe ta zo da wahala ƙwarai, domin ta zubar da jini mai yawa har sai da aka yi mata ƙari, muka kwana shida a asibiti. Ranar da za a sallame mu, ma'aikaciyar jinya ta ce ya kamata ta huta sosai kafin ta sake ɗaukar ciki. Na amsa da to, amma a zuciyata na ɗauka irin maganar da suke faɗa wa kowa ce.

Bayan kamar wata huɗu, wata rana da dare ta tayar mini da maganar, ni kuwa na ce mata haihuwa ta Allah ce, a bar zancen. Ba ta sake ɗaga shi ba. A makon jiya ina neman katin rigakafin yaron a jakarta sai na ci karo da wani katin daban, wanda ya nuna cewa sau uku ana yi mata allurar tazarar haihuwa, duk bayan wata uku, kuma an rubuta ranar komawa ta huɗu a wata mai zuwa. Na mayar da katin inda na same shi, har yau ban ce mata komai ba, amma raina a ɓace yake, barci ma ba na samun na kirki.

Abin da nake so masu sani su taimaka mini da shi shi ne, shin gaskiya ne abin da nake ji cewa wannan allura tana kashe mahaifa, mace ta daina haihuwa gaba ɗaya? Sannan ashe ba haƙƙina ba ne a nemi yardata kafin a yi irin wannan abu? Akwai kuma wata tambaya da ta fi damuna, wadda sai da fushin ya ɗan lafa ta zo mini: ko da a ce na yarda tun farko, mene ne aikin namiji a cikin wannan al'amari in ban da ya ce ya yarda ko bai yarda ba? Na lura cewa ban san sunan ko da hanya ɗaya da yadda take aiki ba, alhali ni ne nake ganin hukunci a hannuna yake.

Tsohuwar Ungozoma ta rubuta:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, bari in fara da kwantar maka da hankali a kan abin da ya fi sauƙin amsawa. Allurar wata uku ba ta kashe mahaifa. Sinadarin da ke cikinta yana kama da wanda jikin mace yake samarwa da kansa, kuma aikinsa shi ne ya dakatar da fitar ƙwai na ɗan lokaci, ya kuma sa ruwan bakin mahaifa ya yi kauri ta yadda maniyyi ba zai iya ratsawa ba. Idan aka daina, haihuwa tana dawowa, sai dai takan yi jinkiri fiye da na sauran hanyoyin, har wasu matan kan kai shekara guda bayan allurar ƙarshe kafin su samu ciki. Wannan jinkirin shi ne asalin jita-jitar da kake ji, domin mace ta daina, wata shida ya wuce shiru, sai dangi su ce an kashe mata mahaifa. Haka nan allurar takan rikita jinin al'ada, wata ta riƙa ganin ɗigo-ɗigo, wata kuma al'adar ta ɗauke mata ɗungurungum, kuma ɗaukewar ba tana nufin jini yana taruwa a ciki ba ne, bangon mahaifar ne bai yi kaurin da zai zubo ba. Wasu sukan ƙara ƙiba, wasu sukan yi ciwon kai. Ban ɓoye maka waɗannan ba, domin idan matarka tana fama da ɗaya daga cikinsu, to wata takwas ke nan tana fama ita kaɗai, ba ta da bakin yi maka ƙorafi.

Maganar da aka faɗa muku ranar sallama kuwa, gaskiya ne ana faɗa wa kowa, amma ga mace irin matarka ta fi ƙarfin shawara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, idan kuma ɓari ne a jira aƙalla wata 6. Dalili shi ne ciki da shayarwa suna cinye sinadaran da jiki ke haɗa jini da su, kuma mayar da su yana ɗaukar lokaci. Macen da ta shiga sabon ciki da ƙarancin jini, idan ta zubar da abin da wata za ta jure, ita tana iya mutuwa. Zubar jini bayan haihuwa yana kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata masu haihuwa a duniya, kuma wadda ta taɓa yi ta fi wadda ba ta taɓa ba haɗarin sake yi. Jaririn ma ba ya tsira, domin cikin da ya zo kusa da na baya ya fi yawan ƙarewa da bakwaini ko ɗa maras nauyi, ga kuma na goye da za a yaye kafin lokacinsa. Wasu mazan sukan ce ai tana shayarwa, ba za ta ɗauka ba. Shayarwa tana karewa ne idan abubuwa uku sun haɗu: yaro bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da zarar ɗaya ya warware, kariyar ta tafi. Ka duba lokacin da matarka ta yi maka magana, za ka ga daidai lokacin da wannan kariyar ta kusa ƙarewa ne, ita ta san lissafin, kai ne ba ka sani ba.

Na yi sama da shekara ashirin a ɗakin haihuwa, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne yawancin mazaje ba na ganinsu sai ranar da abu ya ɓaci, lokacin da ake neman mai sa hannu a takardar tiyata ko mai ba da jini. A ranar za ka ga mutum yana kuka, yana cewa a yi duk abin da za a yi, kuma na yarda har zuciyarsa yake faɗa. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Da wannan mutumin ya zauna minti goma a ɗakin awo shekara guda kafin nan, ya ji abin da aka gaya wa matarsa, da wataƙila ba mu haɗu a bakin ɗakin tiyata ba. Mata da yawa sun roƙe ni in ajiye musu katinsu a wurina don kada a gani a gida. Taka ta ajiye a jakarta tare da katin yaro, inda ta san hannunka yana iya kaiwa, ka yi tunani a kan wannan.

Dattijo ya rubuta:

Na karanta bayanin Hajiya ungozoma, kuma ba ni da ja a kan abin da ta faɗa na lafiya, domin fanninta ne. Amma ina ganin kada a wuce da sauri a kan abin da ya sa yaron nan ya kasa barci. Haihuwa ta mutum biyu ce, kuma abin da yake na mutum biyu, idan ɗaya ya yanke hukunci a ɓoye, an taɓa amana, ko da niyyarsa mai kyau ce. Ni shekarata sittin da ɗoriya, na aurar da 'ya'ya mata, kuma da ɗaya daga cikinsu za ta zo mini da irin wannan, zan ce mata ta yi kuskure da ba ta nemi wani babba ya shiga tsakani ba. Ma'aikatan lafiya ma da suke yin allura ba tare da sun tambayi ko an yi shawara a gida ba, su sani cewa ranar da asiri ya tonu, ba wannan mijin kaɗai suka rasa ba, har da duk wanda zai ba labari.

Sannan ina so a daina ɗaukar duk namijin da yake ɗari-ɗari da wannan harka a matsayin jahili. Ruwa ba ya tsami banza. A Indiya, lokacin dokar ta-ɓaci ta gwamnatin Indira Gandhi tsakanin 1975 da 1977, an yi wa miliyoyin maza aikin hana haihuwa, da yawansu talakawa ne da aka tilasta ko aka yaudara. A Peru, zamanin Alberto Fujimori, tsakanin 1996 da 2000, an ɗaure wa mata sama da dubu ɗari biyu mahaifa, yawancinsu matan karkara, kuma da yawa ba da yardarsu ba. Ƙasar Sin ta yi kusan shekara talatin da biyar tana tilasta dokar ɗa ɗaya kafin ta janye ta a 2015. Duk waɗannan da sunan tsara iyali aka yi su. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, kuma labari yana tafiya ko da mutum bai san sunan ƙasar da abin ya faru ba.

Ƙari a kan haka, su kansu wuraren da ake ba da wannan hidima an gina su ne kamar namiji ba ya cikin lissafi. Na taɓa raka iyalina awo, aka ce in jira a waje, na zauna a kan benci awa biyu ba wanda ya ce mini uffan, mata suna kallona kamar na yi ɓatan kai. Ban sake komawa ba. To idan an rufe wa mutum ƙofa, sannan a dawo a ce bai san abin da ke cikin ɗakin ba, ban ga adalci a nan ba. Shawarata gare ka, ɗana, kada ka yi mata faɗa, amma ka nuna mata cewa ɓoyon ya yi maka ciwo, domin idan ka haɗiye, zai fito ta wata hanyar.

Maman Hanan ta rubuta:

Baba Dattijo, Allah ya ƙara girma, ina neman afuwa idan na saɓa maka a wani wuri. Ka ce da ta nemi wani babba ya shiga tsakani. Ni na taɓa zama a matsayin wannan baiwar Allah, kuma na nemi babba, abin da aka ce mini shi ne in yi haƙuri, kowace mace haka take yi. Maigidana mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai rage ni da komai ba, amma da zarar na kawo wannan magana sai fuskarsa ta canza, ya tashi ya fita. Mata huɗu na haifa a jere, shi kuma namiji yake nema, kullum maganarsa mu ƙara gwadawa ko Allah zai sa a dace. Sai daga baya wani likita ya yi masa bayani a gabana cewa ƙwan mace iri ɗaya ne kullum, ƙwayar maniyyin namiji ce take zuwa iri biyu, kuma wadda ta riga shiga ita ce ke sa a samu mace ko namiji da ikon Allah. Ya yi shiru ya daɗe, domin shekara da shekaru a ransa ni ce mai haihuwar mata.

Baban Uku, ka ce ta tayar maka da maganar sau ɗaya. Ina tabbatar maka cewa kafin wannan sau ɗayan ta yi kwanaki tana shirya kalmomin da za ta faɗa, tana jiran ranar da ranka yake fari. Da ka ce a bar zancen, abin da ta ji shi ne ranar da ta kusa mutuwa ba ta tsaya maka a rai ba kamar yadda ta tsaya mata. Ba na cewa ɓoyon daidai ne, ni kaina lokacin da na yi ban samu natsuwa ba ko kwana ɗaya, duk ranar komawa asibiti sai na ƙirƙiro dalilin fita, in dawo ina jin kamar na yi sata. Amma mace ba ta zaɓar wannan hanya don daɗi. Tana duban yaranta ƙanana ne, tana tambayar kanta wa zai riƙe su idan ta tafi.

Idan za ka yi mata magana, don Allah kada ka fara da katin. Ka fara da kwana shidan nan na asibiti, ka tambaye ta abin da ta ji a lokacin, ka kuma saurara har ta gama.

Ɗalibin Ilimi ya rubuta:

Ɗan'uwa, tun da ka kafa hujja da cewa haihuwa ta Allah ce, bari in taɓo wannan ɓangaren gwargwadon abin da na karanta. Maganarka gaskiya ce, babu ran da zai zo duniya sai da izininsa, amma haka lafiya da arziki ma nasa ne, kuma wannan bai hana mu shan magani ko fita nema ba. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim daga Jabir ɗan Abdullahi, Allah ya yarda da shi, cewa sahabbai sun kasance suna yin azalo, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani yana sauka. Abin lura a nan shi ne, hanyar tazara ta farko da aka tattauna a fiƙihu hanya ce da namiji yake ɗaukar nauyinta da jikinsa, kuma mafi yawan malamai sun shardanta cewa ba zai yi ba sai da izinin matarsa, saboda ita ma tana da haƙƙi a haihuwa da kuma jin daɗi. Ke nan haƙƙin da kake magana a kai yana nan, amma ta fuska biyu yake.

A cikin Suratul Baƙara, aya ta 233, an ambaci shayarwa shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, kuma a cikin ayar aka ce idan iyayen biyu suka so yaye bisa yardar juna da shawara, babu laifi a kansu, aka kuma hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Idan yaye, wanda ya fi sauƙi, an rataya shi a kan yarda da shawara, ina ga ɗaukar ciki? Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa bai halatta hukuma ta kafa dokar da za ta ƙayyade wa ma'aurata yawan 'ya'ya ba, kuma bai halatta a kawar da ikon haihuwa gaba ɗaya ba sai da lalura, amma ya halatta a jinkirta ciki na wani lokaci don ba da tazara idan akwai buƙata, bisa shawara da yardar ma'auratan, matuƙar babu cutarwa kuma ba a taɓa cikin da ya riga ya shiga ba. Wannan ya amsa tsoron Baba Dattijo ta wani gefen, ya kuma amsa naka ta wani. Ayar da ta hana kashe 'ya'ya saboda tsoron talauci, wadda ake yawan kawowa, tana magana ne a kan ran da ya riga ya samu, matarka kuwa ba talauci take gudu ba, rayuwarta take karewa bisa shawarar masana.

Don haka a fahimtata, ita ta bar shawara da ta yi a ɓoye, kai kuma ka riga ta barin shawara da ka rufe zancen da kalma ɗaya. Shugabancin gida da aka ba namiji ya haɗa da sanin halin da wanda ake shugabanta yake ciki. Ko a wajen Kiristoci mabiya ɗarikar Katolika, inda wasiƙar Fafaroma Paul na shida ta 1968 ta hana magungunan hana ɗaukar ciki, an yarda da ƙauracewa juna a kwanakin da mace ke iya ɗauka, wanda kuma ba ya yiwuwa sai miji ya san kwanakin ya kuma kame kansa.

Ma'aikacin Lafiyar Al'umma ya rubuta:

Malam, tambayarka ta ƙarshe ita ce aikina na yau da kullum, don haka a kanta zan tsaya. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na 2019 sun nuna cewa mata kimanin miliyan 219 ne a duniya aka yi wa aikin ɗaure bututun mahaifa, alhali ma'auratan da suka dogara da irin wannan aiki a jikin namiji ba su wuce miliyan 16 ba, duk da cewa na namijin ya fi sauƙi, ya fi ƙarancin haɗari, kuma ba ya kai rabin awa. Ba ina ba ka shawarar yin sa ba ne, domin na dindindin ne, kai kuwa tazara kake nema, ga kuma abin da Ɗalibin Ilimi ya kawo. Na ambace shi ne don maza da yawa suna ɗaukarsa dandaƙa, alhali siririn bututun da ƙwayoyin haihuwa ke bi kawai ake toshewa, sha'awa da ƙarfi da fitar ruwa duk suna nan yadda suke. Wannan tazara tsakanin alƙaluman biyu ta isa ta nuna a wuyan wa kayan suke.

Abin da yake hannunka kai tsaye shi ne kororon roba da azalo da lissafin kwanaki. Kororon roba, idan ana amfani da shi daidai a kowace saduwa, mata 2 cikin 100 ne ke samun ciki a shekara, amma yadda mutane suka saba amfani da shi, yau a sa gobe a manta, adadin yakan kai kusan 13. Azalo ya fi rauni, domin a aikace kusan mace ɗaya cikin biyar takan samu ciki a shekara. Lissafin kwanaki ya ginu ne a kan cewa maniyyi yana iya rayuwa har kwana biyar a jikin mace, ƙwai kuma ba ya wuce kwana ɗaya, amma yana buƙatar al'ada mai tsari, abin da mai shayarwa ko wadda ta fito daga allura ba ta cika samu ba. Ga macen da ciki yake barazana ga ranta a yanzu, ashana, wato ɗan siririn magani mai kama da tsinken ashana da ake sakawa a ƙarƙashin fatar damtse, mai yin shekara uku zuwa biyar, ko robar mahaifa, wato 'yar ƙaramar roba da ake sakawa a cikin mahaifa, sun fi tabbas, domin ƙasa da mace ɗaya cikin 100 ce ke ɗauka a kansu, kuma ana cire su ranar da aka so. Maganin maza irin na mata har yanzu bai fito kasuwa ba, ko da yake ƙwayar mata ta fito tun 1960. An gwada wata allurar maza a kan mutum 320, ta kuma yi aiki sosai, amma aka dakatar da gwajin saboda illoli irin su ƙuraje da sauyin yanayin rai, kuma rahoton da ya fito a 2016 ya nuna fiye da kashi uku cikin huɗu na mazan sun ce za su ci gaba da ita da za a ba su.

Taron Alƙahira na 1994, inda ƙasashe 179 suka amince da tsarin aiki kan yawan jama'a, ya ware sashe guda a kan nauyin da ke kan maza, kuma tun daga nan ake ta cewa a shigo da su. Amma shigo da su ba kullum yake haifar da alheri ba, kuma a nan nake so Baba Dattijo ya saurare ni. A Lusaka ta ƙasar Zambiya an yi wani bincike da aka wallafa a 2014, inda aka ba wasu mata takardar samun hidimar tazara su kaɗai, wasu kuma aka ba su a gaban mazajensu. Waɗanda aka ba a gaban mazajen sun fi ƙarancin zuwa karɓa, kuma sun fi haihuwa daga baya. Wannan ne ya sa ma'aikacin lafiya ba ya tilasta wa mace kawo miji, domin bai san wane irin miji ne a gidan ba. Kiran namiji ya zo ya yanke hukunci a kan abin da bai fahimta ba yana ƙara masa iko ne kawai. Inda aka ga amfani shi ne inda aka fara da ilimantar da shi, kamar makarantun mazaje da aka fara a yankin Damagaram na Nijar da tallafin asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, inda magidanta ke zama a tsakaninsu su tattauna lafiyar matansu tare da ma'aikatan asibiti, ko Iran, wadda a shekarun 1990 ta wajabta wa ango da amarya duka halartar darasi kafin a ba su takardar aure. Ƙorafin Baba game da benci kuwa gaskiya ne, laifinmu ne, kuma na sha faɗa a wurin aiki.

A aikace, rabonka shi ne ka san ranar komawarta kamar yadda ka san ranar albashinka, ka raka ta ka shiga ciki, ka tambayi illolin kowace hanya da kunnenka, ka ɗauki kuɗin da zirga-zirgar, idan hanyar ba ta karɓe ta ba ka ɗauki kororon roba a tsakani har a samu wadda ta dace, sannan idan danginka suka fara tambayar me ya sa shiru, kai ne za ka amsa, ba ita ba.

Baban Uku ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Daren jiya na yi mata magana, kuma na bi shawarar Maman Hanan, na fara da asibiti. Ta gaya mini abin da ban taɓa sani ba, cewa a daren da jinin ya ɓalle tana jin muryoyin ma'aikatan sama-sama, tana ta ƙoƙarin ta faɗa wa wani sunan wadda take so ta riƙe mata yaran, amma bakinta ya ƙi buɗuwa. Ni a lokacin ina waje ina neman masu ba da jini. Ita da kanta ta kawo maganar katin kafin in kai gare ta, ta nemi gafara, ni ma na gaya mata cewa ɓoyon ya yi mini ciwo kamar yadda Baba ya ce in yi, na kuma nemi tata gafarar. Ban ce komai ya wuce daga raina ba, amma mun yi magana fiye da awa biyu.

Ta ce tun allura ta biyu take ganin ɗigon jini kusan kullum, yana kuma rikita mata lissafin sallah, ga yawan jiri. Hajiya, wannan abin tsoro ne ga wadda dama jininta bai gama dawowa ba? Mu jira ranar da aka rubuta, ko mu tafi kafin nan?

Tsohuwar Ungozoma ta sake rubutawa:

Kada ku jira, ƙanena, ku tafi cikin makon nan. Ɗigon jini abu ne da aka saba gani a shekarar farko ta allurar, kuma shi kaɗai ba ya nuna haɗari, amma tun da akwai jiri ga kuma tarihin zubar jini, a auna yawan jininta da hawan jininta, a duba ko akwai wani dalilin daban. Idan jinin ya yi ƙasa za a ba ta maganin ƙarin jini, akwai kuma magungunan da ke tsayar da ɗigon na ɗan lokaci. Ku tafi da katin allurar da takardar sallamar haihuwar idan tana nan, ku ce a yi muku bayanin robar mahaifa da ashana ku biyu a zaune, domin ashanar ma tana iya kawo ɗigo, gara ku ji tun kafin ku zaɓa. Idan aka ce ka jira a waje, ka ce matarka ce ta nemi ka shiga, ita ma ta faɗa da bakinta.